Ranar da Oba-oba Ta Ƙi Kai Saƙona

Jama'a, wannan wallahi da ni ya faru, ba a teburin mai shayi na tsinto shi ba. Shekarun baya ne, ina gadi a wani kamfani a Kudenda, ni ne a babban get, ni ke riƙe da oba-oba, 'yar rediyon hannun nan da muke kiran juna da ita, duk saƙon manaja ta bakina yake bi.

Can bayan kamfanin, a gangaren kogi, akwai injin da ke jawo mana ruwa. Mai kula da shi wani dattijo ne, Baba Bitrus, mutumin Kagoro mazaunin Unguwar Boro, irin mutanen nan da in an ce sauka sai su sauka, ba tambaya.

Ranar an wuni ana ruwa, kogi ya cika ya batse. Bayan azahar manaja ya leƙo ya ce bakin bututun ya toshe da shara, in gaya wa Baba ya sauka ya share yanzu-yanzu. Raina bai so ba, ruwan nan ko saurayi ya kiyaye shi balle tsoho, amma wa ya aike ni musu da oga?

Na danna na ce, "Baba Bitrus, get ne, oba." Ba amsa, sai wani shuuu.

To ita oba-oba cututtukanta ba su da yawa, kuma na san su kamar yunwar cikina. Na cire batir na sa wanda ke kan caji, na goge ƙarafan bayanta da bakin riga, na kwance eriya na sake ɗaurewa tam, na duba ko wani ɗan karambani ya murɗa min tasha, tana nan daram, na fita fili na ɗaga ta sama kamar mai neman sabis. Ina! Koriyar fitilarta na nan a kunne, alamar wani ya danne maɓallin tasa, kuma in mutum ɗaya ya danne, ba mai iya magana sai ya saki.

Na ce lallai wani ne ya zauna a kan tasa, an saba. Na bi abokan aiki ɗaya bayan ɗaya ina masifa, kowa ya nuna min tasa, ba wanda ya danne. Na kara tawa a kunne. Kai! Numfashi ne a cikin shuuu ɗin, a hankali, kamar na mai jira. Ga kuma manaja na ta ƙwala min kira.

Na ce bari in taka da ƙafa. Ina isa na tarar da Baba tsaye a sama, hannu a ka. Matakalar da ake sauka, da bututun, da rabin gaɓar, duk ruwa ya yanke ya tafi da su, ƙasa na ci gaba da zubewa a gabanmu.

Na ce, "Baba, kana da sauran shan ruwa. Na yi ta nemanka, oba-oba ta ƙi."

Ya dube ni sheƙeƙe. Ya ce, "Ɗana, wace irin ta ƙi? Na ɗau shebur zan sauka da kaina, kai ka kira ni. Baba kar ka sauka, Baba tsaya a sama. Ka yi ta nanatawa har ka ba ni haushi."

Na rantse masa ban faɗa ba. Ya ce, "Haba, yau na fara jin muryarka?"

Bai rufe baki ba ta hannuna ta yi ƙit, fitilar ta mutu, layi ya buɗe.

Don haka in na'ura ta ƙi ku, ku duba batir, ku duba eriya, amma in komai lafiya lau ta kuma ƙi, kar ku matsa, ku sake tunanin saƙon. Baba dai har yau in mun haɗu a Sabon Tasha sai ya riƙe hannuna ya gaya wa mutane ni na ceci ransa. Ni kuwa na san saƙon da nake ta faman aika masa ranar.