Ƙanwa a Tsallaken Titi

"Waccan tsohuwar kuwa ƙalau take? Kullum tana bakin titi tana kaɗa wa motoci mayafi."

"Ka sani ko aikin ba da hannu aka ɗauke ta?"

Masu jiran mota ne ke maganar, sarai kuwa take jin su.

Gwaggo Mai Keke ake ce mata. Shekara talatin da 'yan kai ta yi tana taka keken ɗinki, har gwiwoyinta suka ƙi. Ƙanwarta, ita kaɗai ta rage mata a ɗakinsu, tana zaune a tsallaken titi. Tun ƙuruciya kunnen ƙanwar ke da nauyi. Sai ka matso tana kallon bakinka kafin ku fahimci juna. Waya ba ta da amfani a wurinta.

A da titin siriri ne, da ɗan fili a gefe da bencin siminti biyu. Nan suke haɗuwa da yamma. Gwaggo ta zo da ɗinkin da ta gama, ƙanwa ta zauna tana sa maɓalli tana mita.

"Yaya, wannan hannun riga ne ko ƙafar wando?"

"Ɗinka naki mu gani, uwar iyayi."

Matan unguwa su zagaye su, wannan da tsintar wake, waccan da jika a baya.

Sai aka faɗaɗa titin, ya cinye filin da bencinan. Aka ja katanga a tsakiya, aka kafa gadar sama mai matakala arba'in da biyu. Matan suka koma gidajensu. Gwaggo da ƙanwarta kuwa suka koma fitowa ƙarfe biyar, kowace ta tsaya a nata gefen ta ɗaga mayafi. Gaisuwar ke nan.

Yau kwana uku ƙanwa ba ta fito ba.

Gwaggo ta kira ɗanta, mai mota. Ya ce, "Mama, sai an yi zagaye mai nisa fa. Bari Asabar ta zo."

Ta gwada gadar da kanta. A matakala ta bakwai ta zauna tana haki, mutane na ratse ta. Wani ma cewa ya yi, "Baba, nan ba wurin hutu ba ne." Da baya-baya ta sauko, tana riƙe da ƙarfe.

Ta tare mutum biyu, suka wuce suna duba waya. Ta uku wata mata ce da kwandon cefane. Gwaggo ta kamo gefen zanenta.

"'Yar nan, don Allah, in kin haura, gida na uku bayan shagon mai walda, ƙofa shuɗiya. Ki buga da ƙarfi, ba ta ji sosai. Ko me kika tarar, ki dawo ki faɗa min. Ina nan tsaye."