Hasken da Ya Hau Indararo

Me ya sa mutumin da bai taɓa tsoron hanya ba ya ji tsoron bakin mutane har haka? Na tambayi kaina, na tambayi 'ya'yana, ba wanda ya ba ni amsa. Ni ban yi karatu ba. Faɗa nake ana rubutawa, in na yi kuka a jira ni.

Maigidana direba ne. Bayan an ba mu jiha muka taso daga ƙauye muka kama gida a Yalwawa, ya samu aiki wurin wani Alhaji mai haƙa rijiyar burtsatse. Motar da aka ba shi jif ce, irin mai shiga yashi da taɓo. Ana nan dundumi ya fara kama shi. Da rana garau yake, rana na faɗuwa sai duniya ta dushe masa. Ni kaɗai ya gaya wa, don in Alhaji ya ji, sai a karɓe makulli.

Sai ya ɗaura ƙarin fitilu biyu a kan bambar gaban motar, ya ce wa mutane saboda shanu ne. Amma gargadar hanya takan sassauta notinsu, duk dawowa sai ɗaya ta kalli sama, ɗaya ta kalli jeji. Gyaransu kuwa sai an haska bango an ga inda hasken ya tsaya, abin da shi ba ya iya gani.

To ni ce ma'auninsa. Bayan magariba sai ya ja motar baya, ya fuskanci katangarmu, in yafa farin mayafi in tsaya. Ya rufe fitila ɗaya da buhu, ya durƙusa da sifana.

"Ina yake, uwar gida?"

"A idona yake, Malam. Makantar da ni za ka yi mu zama biyu?"

Sai ya yi dariya ya danna. In ce ya sauko ƙirji, in ce ƙara, har ya zo kuguna. Nan zai ɗaure. Yakan ce da na fi haka tsawo da tuni ya kashe masu amalanke.

Shekaru muka yi a haka. Lokacin da aka fara shari'ar Musulunci mu ma murna muka yi, ba ni da ja da hukuncin Allah. Amma a layinmu wasu sun tashi da sabon ido. Wani maƙwabci, wanda matarsa ke aron turmina, ya tare Malam a ƙofar masallaci, ya ce wane irin magidanci ne yake fito da iyalinsa titi yana dalle ta da fitila kamar hajar kasuwa? Ni fa a lokacin har na aurar da 'ya'ya. Dattawa suka ce gaskiya ne, a gyara. Ba wanda ya tambayi dalili, shi kuma ba zai iya faɗa ba.

Daga ranar ya hana ni fita. Na ce a kira yaro ya tsaya, ya ce bakin yaro ba ya riƙe magana. Ya koma lalube shi kaɗai.

Da damina aka aike shi wajen Miga da kayan famfo, aka ce lallai ya kwana can, dole ya yi tafiyar dare. Ruwa ya cinye gefen wani kwalbati, Malam ya faɗa ciki da motar. Makiyayan da suka ciro shi sun ce sun tarar fitilun na ci, suna haska kan tsamiya. Maƙwabcin nan shi ne a sahun gaba wajen jana'iza. Har tuwon sadaka ya ci. Aka ce mini in yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Na sani. Ban yafe ba dai.

Ranar da zai tafi, bayan magariba, ina zaure ina leƙe, na ga hasken ya wuce katanga ya hau indararo. Ban san sanda na fito ba, ko takalmi babu. Mutanen masallaci na zaune kan tabarma, duk suka juyo.

Na ce, "Malam, ya yi sama. Yana kan indararo."

Ya tsaya da sifana a hannu. Bai kalli bangon ba, su ya kalla. Sannan ya ɗaure notin a yadda yake, ya ce a hankali:

"Ina gani. Koma ciki, ana kallonmu."