Huhun Goron Da Ba A Kwance Ba

Ana idar da sallar asuba muka bar Accra, ni da abokin karatuna. Shi barci ya kai shi har garin Nkawkaw, inda ya farka ya sayi burodi har uku kamar mai shirin hijira. Ni ko ruwa na kasa sha, don digirina na biyu ne ke lilo.

Bara na ɗebo fumfuna daga jikin wani tsohon huhun goro a Zangon Kumasi. Da na zuba jerin ƙwayoyin gadonta a kwamfuta, babu irinta a duk rumbun bayanan da na bincika. Malamina ya ce ƙazanta ce ta shiga kwalbar, in sake ɗebowa daga wurin ko in nemi wani aikin.

Da azahar ɗin Juma'a muka shiga Zango, bayan trotro, motar hayar da muka hau, ya gama girgiza mana hanji. Masu wake da shinkafa sun rufe tukwane, lungu ya yi tsit, kowa na masallaci. Muka jira a zauren gidan da na tarar da huhun har maigidan ya dawo. Ɗan tsohuwar da ta buɗe mini ɗakin huhun bara ne. Na tambaye shi ina tsohuwar, ya ce ai Mma ta rasu watan jiya. Kunya ta kama ni, don ko sunanta ban rubuta ba, lamba kawai na ba huhunta.

A nan na ji labarin. Mahaifinsa ne ya ɗaure huhun zai kai arewa, ya fita neman mota, bai dawo ba. Tun daga ranar, duk Juma'a Mma kan yayyafa masa ruwa yadda ake yi wa goro don kada ya bushe, kuma ba ta yarda kowa ya kwance shi ba. Bayan rasuwarta suka fitar da shi suka ƙone shi.

Na miƙe zan yi sallama. Amma ya ɗauko makulli.

"Zo ki gani, 'yar'uwa. Sau uku muna shafa farar ƙasa, abin nan shi kan dawo."

Ɗakin babu komai sai warin ganye. A kusurwa, baƙin tabo ya keto farin bango, daidai tsayin huhu. Na durƙusa da audugar ɗibar fumfuna, sai na ji zanena ya jiƙe. Simintin wurin sharkaf yake, sauran ɗakin kuwa a bushe. Na ɗaga kai, rufin lafiya lau. Maigidan ya ce makullin a aljihunsa yake kwana. Na tsorata ƙwarai, amma na ɗebi abin da zan ɗiba.

Washegari muka koma gida. Fumfunar ta tsiro, jerin ya yi daidai da na bara, malamina ya sa hannu. Na koyi cewa kafin in manna wa abu lamba, in fara tambayar na wane ne. A takardar binciken akwai gurbin da ake rubuta inda danshin wurin yake fitowa. Har yau ban cike shi ba.