Shekarar da Ba a Yi wa Ɗakin Inna Yaɓe Ba

A garinmu, can wajen Kunci, idan ana son a san hankalin magidanci, bangon gidansa ake dubawa in bazara ta yi nisa. Wanda ya kwaɓa ƙasa ya bi katangarsa da yaɓe, ya toshe tsagar soro, ya gyara indararo tun kafin ruwan farko, to wannan ana iya ba shi ajiya. Haka muka taso muka ga Baba yana yi kowace shekara har Allah Ya karɓi abinsa, kuma da ɗakin Inna yake farawa kafin nasa. Soro ne na jar ƙasa da ya gina da hannunsa, a cikinsa aka haife mu duka. Bayan rasuwarsa babu abin da Inna take kira nata a duniyar nan kamar ɗakin nan. Ko biki ta zo wurina a Bacirawa, inda nake aure, kwana biyu ya yi yawa ta fara cewa ɗakinta yana can shi kaɗai.

Autanmu ne ya kawo mana ci gaba. Ya yi karatu a Kano, ya haɗu da abokansa suka buɗe kamfani, tun daga nan kowa ya koma kiransa Injiniya, har Kawun da ya kai shi wurin kaciya. Abin da suke sayarwa wata manhaja ce ta waya. Ka auna filinka ka shigar, ka faɗi ɗaki nawa kake so, ka biya 'yan kuɗi kaɗan, sai ta zana maka gida. Kuma gida fa ba na wasa ba. Bene, falo, tayil, furanni a bakin ƙofa, har da mota a gareji, ita ma kyauta ake haɗa maka da ita.

Ban taɓa ganin abin da ya kama mutanen garinmu kamar wannan ba. Kowa sai ya je Kunci a buga masa hoton gidansa, a lulluɓe da leda, ya zo ya rataye a zaure. Mai shayi ya yi bene hawa biyu. Ladan ya yi falo biyu, ɗaya na baƙi. Mu kuwa wajenmu gida na jikin gona ne, gona na jikin gida, ba a samun taku ɗaya da ba shi da mai shi. Don haka garejin wani ya faɗa cikin gonar geron maƙwabcinsa, sai da aka kai su gaban mai unguwa, aka wuni ana rantse-rantse a kan garejin da babu shi, na motar da ba a saya ba. Kafin kaka garinmu ya zama birni a takarda, ba tare da an sayi buhun siminti ko ɗaya ba.

Bayan an gama girbi Auta ya kira abin da ya ce sunansa taron shekara-shekara, domin a ji yadda kamfani ya yi. A zaurenmu aka yi. Aka ɗaura farin zanin gadon matar Yaya, babban wanmu, a bango, aka tayar da janareto, ya haska majigi. Ya nuna mana wani layi yana hawa sama, ya ce wannan gidajen da suka samar ne a bana.

Kawu ya ce, "To Injiniya, ina gidajen suke?"

Ya ce, "Suna cikin sistem, Kawu."

Kawu ya gyaɗa kai kamar ya taɓa zuwa garin.

Ni kuwa bakina ba ya ajiya. Na ce, "To riba fa?"

Auta ya yi murmushi irin wanda ake yi wa mai jinya. "Anti, ke ba ki gane bizines ba. Kamfani irin namu ba riba yake nema da farko ba, girma yake nema."

Na ce ai ko kabewa girma take yi, amma a ƙarshe miya ake yi da ita. Ba wanda ya yi dariya, domin a daidai lokacin ne aka sanar cewa an naɗa Yaya darakta. Yaya fa, wanda in ka cire shanun huɗa babu abin da ya taɓa bi da umarninsa. Aka ba shi riga mai tambarin kamfani, ya ɗora ta a kan kaftani. Tun daga ranar tafiyarsa ta canja.

Da bazara ta kama na je gida. Ina shiga na ga babu tulin ƙasa a ƙofar gida, babu ramin kwaɓi, ba a jiƙa makubar da ake haɗa yaɓe da ita ba. Bangon ɗakin Inna ta gabas, inda ruwa ke duka, ya zaizaye har tubali ya fito. Na sami Yaya a zaure, shi ne mai gida yanzu, na ce masa hadari ya fara haɗowa.

Ya ciro wani hoto ya miƙo min. Sabon ɗakin Inna ne da Auta ya zana: banɗaki a ciki, fanka, tayil, taga mai gilashi. Ya ce masu zuba jari suna hanya, da zarar sun sa hannu za a rushe tsohon a yi wannan. Ya ce wane mai hankali ne zai yi wa bangon da za a rushe yaɓe?

Na ce, "Yaya, kada ganin hadari ya sa ka yi wanka da kashi. A yi yaɓen, in kuɗin sun zo a rushe shi da yaɓensa."

Sai gaskiyar ta fito. Ya rage murya ya ce, "Ke, kina so a ga darakta ya naɗe wando yana taka ƙasa? Sai mutane su ce mu da muke sayar da abin ma ba mu yarda da shi ba. Sunan kamfani kike so ki ɓata?"

Inna tana zaune a bakin ɗakinta tana tsince wake, tana jin mu. Ba ta kallon Yaya in tana magana da shi, kunyar ɗan fari. Ta kalli bangon ta ce, "Ni dai a yi min yaɓena. Wancan na hoton ku bar shi, na yafe."

Yaya ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, daɗi za ki ji."

Na ce to ni zan kira magini, maigidana ya amince zai ɗauki nauyi. Nan fa na taɓo inda ke masa ƙaiƙayi. Ya ce ni matar wani gida ce, kuma shi bai mutu ba balle suruki ya zo ya yi wa uwarsa gyaran ɗaki. Na kira Auta a waya, ya ce yana mitin. Na koma Bacirawa raina kamar ya fashe.

Abin haushin, mutanen gari Yaya suke kallo. Tunda darakta bai yi yaɓe ba, lallai ya san wani abu. Duk mai hoto a zaure ya naɗe hannu. Maginan garin suka gaji da zaman banza suka tafi birni aikin bulo. Tsofaffi ƙalilan ne suka kwaɓa ƙasarsu, aka riƙa yi musu dariya ana cewa ba su waye ba.

Damina ta zo da ƙarfinta, ruwa bai san ana jiran sa hannu ba. Da marka ta sauka na je na tarar da Inna ta jera kwanuka da robobi a tsakar ɗaki, ta ja gadonta zuwa kusurwar da ba ta yoyo, azara ɗaya ta fara lanƙwasowa. Ban nemi izinin darakta ba. Na ɗaure mata kaya na sa ta a mota zuwa Bacirawa tana faɗa, tana cewa sati ɗaya kawai za ta yi.

Ɗakin ya faɗi wata Juma'a, maza suna masallaci. Ba shi kaɗai ba, katangu da soraye da yawa sun kwanta a makon nan. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, sai awaki da hatsi. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a gidanmu ɗakin Yaya rufin kwano ne, Auta kuma yana Kano. Wadda ta ce a yi mata yaɓe ita ruwan ya doka.

Aka yi ta kiraye-kirayen waya. Yaya da Kawu da Auta suka yanke cewa kada a gaya wa Inna, saboda hawan jininta. Auta ya rantse kafin kaka sabon ɗaki ya tsaya, sai dai kawai a kai ta a buɗe mata ƙofa. Na ce ƙarya ce za ta kwana a gidana, ni zan riƙa kallon idonta. Suka ce in wani abu ya same ta, ni ce. Da wannan suka ɗaure min baki.

Inna ta yi ta tambaya. Yaya ya zo gaishe ta, ta ce yaushe za ta koma? Ya ce hanya ta lalace. Da hanya ta bushe ya ce ana gyara. Aka yanke gero, aka yanke dawa, ko bulo ɗaya ba a sauke ba. Ita kuwa kullum sai ta ce a gaya wa matar Yaya ta riƙa buɗe ɗakin yana shan iska.

Sai ga taron shekara ta biyu. Wannan karon ba zaure ba, ɗakin taro aka kama a wani otal a Kano, mai sanyi kamar cikin randa. Masu zuba jarin da muka shekara muna jira sun zo, da tabarau da turare. Auta ya dage sai an zo da Inna, ya ce irin waɗannan mutanen suna son su ga asalin mai kamfani. Ya ɗinka mata leshi, aka zaunar da ita a layin gaba, ni a gefenta, Yaya a kan babban tebur yana shan ruwan roba kamar da shi aka yaye shi.

Auta ya iya magana, wannan ban hana shi ba. Rabi Hausa rabi Turanci, ya nuna layin nan nasa, bana ya miƙe kamar karan dawa. Ya ce tun daga tsakiyar damina masu neman zane suka ninka. Gaskiya ya faɗa. Duk wanda katangarsa ta faɗi, maimakon ya nemi magini, sai ya koma ya sake biya a zana masa wani gidan, tunda yanzu fili ya buɗe. Mai shayi ma ya ƙara hawa ɗaya, yana kwana a rumfa. Auta ya ce, "Daminar bana ta zo wa kamfani da alheri." Aka tafa.

Sannan ya ce bari ya nuna musu girman kasuwar da ke jiran su a karkara. Ya danna abin hannunsa.

Hoto ya cika bango. Tulin jar ƙasa, azara sun yi cirko-cirko, fasasshiyar randa a gefe. A tsakiya ƙyaure mai shuɗin fenti yana tsaye shi kaɗai, har da kwaɗonsa a kulle. Na san abin da Auta ya lissafa: idon Inna ya yi rauni, ba za ta gane ba. Ya manta cewa ya sa an faɗaɗa hoton ya kai girman ainihin ɗakin.

Na ji hannunta ya kama gwiwata. Ta ɗan miƙa wuya. Sai ta ce, da muryarta ta tsakar gida wadda ba ta san rage sauti ba, "Wannan ba ƙofata ba ce?"

Wasu suka yi dariya, sun ɗauka shiri ne. Wani babban Alhaji a cikin baƙin ya juyo yana fara'a ya ce, "Masha Allah! Hajiya, ashe ma a gida labarin ya fara. Ai kin haifi ɗa!" Aka sake tafawa, wannan tafin ya fi na farko. Yaya ya sunkuya yana neman wani abu a ƙarƙashin tebur. Auta ya yi tari, ya danna, hoton ya wuce, aka shiga bayanin shirin baɗi.

An sa hannu a ranar. Har yau in ana lissafin shekarun kamfanin, wannan ce suke kira shekarar da suka fi samun nasara. Ban taɓa jin haushin jinina kamar ranar ba. Na so in miƙe in faɗa wa masu tabarau yadda ake ƙirƙiro kasuwa, amma hannun Inna yana kan gwiwata, bai sake ni ba har aka tashi.

Muka shiga mota ni da Inna. Na jira ta zage ni, na jira ta yi kuka, na ma shirya abin da zan faɗa. Ba ta tambayi yaushe ya faɗi ba, ba ta tambayi wa ya sani ba. Muka iso gidana ta yi alwala ta yi la'asar, ta cire leshin ta ninke ta ce a mayar wa mai shi.

Sannan ta jawo ƙunshin kayanta daga bayan ƙofa. Tun ranar da na kawo ta yake ɗaure, in ta ciri zani sai ta mayar ta ƙulle, duk yadda na yi da ita ta ƙi a zuba a durowa. Ta zauna a ƙasa ta sa haƙori ta kwance ƙullin da kanta, ta baje kayan a gabanta. Ta ɗago ta kalle ni.

Ta ce, "Nuna min inda zan ajiye."