Takardar da na rubuta saboda alƙalinmu

A Akokan, garin haƙar ma'adinai kusa da Arlit, aikina na cin abinci a magazan yake, wato ɗakin ajiyar kayan kamfani, amma ran Asabar da yamma ni ne sarkin lokaci a filin basket, ƙwallon kwando, na unguwar ma'aikata. Tebur nake da shi, da agogon hannu mai maɓalli, da guntun ƙarfe da nake bugawa idan wasa ya ƙare. Har yau in Asabar ta yi, sai in ji babban yatsana yana neman abin latsawa.

Dokarmu mu muka yi abarmu. Rabi biyu, minti ashirin-ashirin, alƙali ɗaya, kuma agogo ba ya tsayawa ko da ƙwallo ta haura katanga. Dalili shi ne kar, motar bas ɗin da ke kwasar masu shiga ramin ma'adinai, ba ta jiran kowa, ga shi rabin ƴan wasanmu a cikinta suke tafiya.

Alƙalin wani tsohon makanike ne mutumin Tawa, dogo, mai faɗan tsiya. Shi ya yi waldar kwandunan nan biyu da hannunsa tun kafin in zo garin. Matarsa ta rasu, ƴaƴansa suna gida Adar, can ƙasar Tawa, usur ɗin nan shi ne iyalinsa. Kullum sai ya tsokane ni: “Kai Badamagare, barci kaka yi ko duban agogo?” Ni kuma in ce, “Baba, kai dai busa abinka.” Ina son tsohon nan, ko da yake ban taɓa gaya masa ba.

Sai numfashi ya fara gagararsa. In ya bi yara sau biyu daga kwando zuwa kwando, sai ya busa laifin da babu shi, ya dafa gwiwa kamar mai duba layi. Ni kaɗai na gane. Duk sanda ya sunkuya sai in latsa maɓalli a ɓoye in tsayar da agogo, in ba shi minti ɗaya ko biyu. Wasa ya riƙa tsawo. Wata Asabar mutum uku suka bi kar da gudu cikin gajeren wando, ɗaya bai same ta ba. Aka taso mini, har wani ya ce in agogona na kasuwar gwanjo ne a yi mini karo-karo. Na haɗiye, amma na san ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ranar da aka gano, usur za a karɓe wa Baba.

Shi ya sa na zauna na rubuta wa kwamitin filin shawara. A raba wasa kashi huɗu gajeru da hutu a tsakani. A riƙa tsayar da agogo duk sanda aka busa. A fara da wuri saboda kar. A sa alƙalai biyu, kowa da rabin filinsa, don gudu ya ragu. Kowane layi da ƙirjin tsohon nan na auna shi. Abu ɗaya ne ban rubuta ba, wato cewa ɗaya daga cikin biyun shi ne. Yaya zan sa a takarda cewa babba ya gaza, a karanta a gaban sa'annin ƴaƴan cikinsa? Na ɗauka kowa zai gane.

Aka yi taro a inuwar katanga bayan la'asar. Shugaban kwamiti, wani direba mutumin Maraɗi, ya karanta, ya yaba, ya ce ashe Damagarawa ma suna da kai. Daga nan ya ce, “To, tun da sabon tsari ne, sai a nemo matasa biyu masu jini a jika.” Aka yi ta gyaɗa kai.

Maganar tana bakina. Amma Baba yana zaune kusa da ni, kafaɗarmu na gugar juna, kuma ba yadda zan ce a bar shi ba tare da na faɗi dalili ba. Shi ya fara ɗaga hannu.

“Wa ya rubuta wagga takarda?” ya tambaya.

Aka nuna ni. Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, wanda ya fi mini ciwo.

“Ta yi kyawo,” ya ce. “Ka iya rubutu.”

Ya cire usur daga wuya ya ajiye a kan benci.

Tsarin ya yi aiki, ba wanda ya sake rasa kar. Baba bai ƙara zuwa fili ba. Na yi ta cewa gobe zan je gidansa in warware masa, kunya tana mayar da ni daga bakin ƙofa. Ana haka aka rufe ramin, gari ya watse, ni na dawo Arlit, shi ya nufi Tawa.

Ranar tafiyarsa na same shi a tasha, an riga an ɗaure kayansa a saman mota. Na ce, “Baba, takardar nan…”

“Bari,” ya ce. “Da ka hwaɗa mini na tsuhwa, kai da ni, da na ji. Amma ka kai ni gaban mutane.”

Direba ya yi oda. Na tsaya da bayanina a baki, shi kuwa ya shiga ya zauna ta ɓangaren da ba na ganinsa.