Amsar da Ban Ba Emil Kovarik Ba

Ranar Talata, 14 ga Maris, 1978, da hantsi, Lorna ta bugo mini waya daga asibiti ta ce, "Vernon, mutumin naka ya tafi." Haka na samu labarin rasuwar mijinta, Emil Kovarik, mai zanen bangon mujallun labaran sararin sama, yana da shekara saba'in da tara. Ni kuwa na rasa aboki na shekara talatin da biyu, wanda na ɓoye wa magana guda tun ranar da muka haɗu.

Emil, duk Chicago ta san sunan da ake kiran dodanninka na wasu duniyoyi: 'yan ƙwala-ƙwala. Abin da ba ka sani ba shi ne, ni na raɗa musu shi. A 1940 ina ɗan shekara goma sha tara a garin Peoria, kaina cike da iyayi, na rubuta wasiƙa zuwa shafin masu karatu na mujallarku, na sa sunan bogi kamar yadda kowa yake yi. Na ce mun gaji da dodanni masu ƙwala-ƙwalan idanu kamar na kwaɗo. Edita ya buga. Kafin shekara ta zagayo sunan ya bi bakin kowa, har waɗanda ba su taɓa ganin zanenka ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu na zo Chicago neman aikin rubutu. A wancan zamani zane ake fara yi, sannan a nemo labari. Edita ya miƙo mini hoton wani dodo da ka zana, fentin ko bushewa bai gama ba, ya ce nan da mako guda yana son labarin da zai dace da shi. Na kwana uku ban rubuta layi ba. Sai na hau bene na same ka a ɗakin zanenka, kana cin burodi da tsiran nama a tsaye.

Ka dube ni ka ce, "Kai ne sabon? To zauna, kada ka faɗi. Kana ta kallon haƙoransa, shi ya sa ka kasa. Tambayi kanka me ya baro a gida."

Da wannan tambayar na ci abinci shekara talatin. Kai ka gaya mini dalilin manyan idanun ma: mujalla tana rataye cikin mujallu ɗari a rumfar mai jarida, idan ba a hango idon daga tsallaken titi ba, ba mai tsallakowa. Ina jin haka kunya ta rufe ni.

A 1951 edita ya sallame ka. Ya ce masu karatu sun mayar da dodanninka abin dariya, yanzu jiragen sama jannati ake so. Ka koma rubuta allunan shaguna da zanen tallan firiji. Ban taɓa jin ka zagi kowa ba. Kowace Lahadi ina teburinku, Lorna tana zuba mini miyar kabeji, kai kuma kana tsokanata da cewa har yau ban iya riƙe cokali ba, balle alƙalami. Lokacin da matata ta kwanta jinya, wata biyu kana kai yarana makaranta, kana zana musu dodanni a jikin takardar ƙunshin abincinsu. Sau nawa na buɗe baki zan faɗa maka? Wallahi ban san iyaka ba. Tsoro nake kada in rasa kujerar nan ta Lahadi.

Ranar Asabar da ta wuce na zo duba ka da rana. Ka rame ƙwarai, amma bakin nan yana nan. Ka ce, "Ɗan Peoria, ka san abin da ya rage mini? Mai wasiƙar nan. Ba faɗa zan yi masa ba, mun tsufa da wannan. Tambayarsa kawai nake so in yi: ko sau ɗaya, dodannin nan sun taɓa ba shi tsoro?"

Na gyara maka filo, na ce sai na dawo Laraba.

To ga amsarka, Emil. Sun ba ni tsoro. Nakan kifa mujallar a kan tebur don kada idanun su kalle ni, kuma na yi izgilin ne don kada abokaina su gane. Ba wani mai zane da ya taɓa yi mini haka, kafin kai ko bayanka. Ina kewarka, kuma da za a ba ni Asabar ɗin nan kuma, da na faɗa maka kana ji.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya ba ka hutawa. Lorna, da ke Bernice 'yarsa, da jikokinsa uku, Allah ya ba ku haƙuri da juriya. A nan kuke fara jin wannan magana, na sani. Idan kun iya, ku yafe mini a madadinsa.