Tutar da Ba a Zo Karɓa Ba

Amana na riƙe, ko kuwa hana masu abu abinsu na yi? Har yau ban samu amsa ba. Ban iya rubutu ba, faɗa nake yi ana rubutawa, in kuka ya tsayar da ni a jira.

A Guangzhou ta ƙasar Sin muke lokacin, ni da mijina Alhaji, shekarar da Turawa suka sauka daga mulkin Hong Kong. Wandunan jins yake saya a garin Xintang yana aikawa Kano, amma asalinsa maɗinki ne, mai aikin hannu a babbar riga. Wani tsohon Bature ɗan Scotland ya ga aikin rigarsa a wurin baje koli, ya biyo shi har gida da ƙunshi a hammata.

Tuta ce, ta wata tsohuwar ƙungiyar mutanen ƙasarsu, masu kiran kansu magina alhali ba wanda ya taɓa ɗora bulo. Reshensu na Hong Kong ya rabu biyu a kan zaɓen shugaba: wasu na son a kwashe komai a mayar Scotland, wasu sun ce nan za su zauna. A wurin taro kowane ɓangare ya kama gefe, tuta ta yage. Alhaji ya yi dariya, ya ce ashe rikicin limancin unguwarmu har Turawa sun iya shi.

Da aka shimfiɗa ta a kan gadonmu, kasa zama na yi. Siliki shuɗi, zaren zinariya, rana da wata, ginshiƙai biyu, sai ido guda a sama yana bin mutum duk inda ya tsaya. Na ce idon nan bai kwanta mini ba. Alhaji ya ce shi ba shiga ƙungiyar ya yi ba, ɗinki aka kawo masa. Ya juya bayanta ya nuna mini facin maɗinka huɗu, kowa da zamaninsa, ya shafa aikinsu kamar yana gaisawa da su.

Ya zaga kasuwar Shahe neman irin zaren, kowane mai shago sai ya kaɗa hannu ya ce meyo, wato babu. Ƙarshe daga rigarsa ta Sallah ya warware zare. Wata biyu yana zaune bakin taga, ni ina zura masa allura don idonsa ya fara rauni. Ran da ya gama na bi tutar da yatsa daga sama har ƙasa, ban gane inda ta yage ba. Shekara talatin ina tare da mutumin nan, sai ranar na san abin da Allah ya sa a hannunsa.

Sai ga wani Bature daban da takarda, wai shi ne shugaba yanzu. Washegari tsohon ma ya zo, ya tsaya gaban tutar yana hawaye. Kowannensu Alhaji ya ba shi shayi, ya sa tafinta ya faɗa masa magana ɗaya.

"Ku biyu kuka yaga ta, ku biyu za ku zo ku karɓa."

Ba su zo ba. Da na dawo Kano na bar kwatancen gidanmu wurin mai gidan hayarmu. Tutar na nan a ƙasan akwatina, duk ƙarshen damina nakan shanya ta in tofe kaina da addu'a. 'Ya'yana sun ce in aika wa kowa ma in huta. Wataƙila Turawan nan duk sun mutu, kowa da fushinsa.

Tun muna Guangzhou ciwon ƙirji ya kayar da Alhaji, da shigowar sanyi. Kwana tara muka yi a asibiti. Da hantsin ranar ƙarshe ya kama hannuna, na sunkuya, na zaci zancen yara zai yi.

"Hajiya, kada ki ba mutum ɗaya. Sai sun zo tare."